Katagum, Zangon Fatake a Bakin Kogin Jama'are

Tun kafin Azare ta zama babban gari, Katagum ce uwar ƙasa. Tana gaɓar arewa ta kogin Jama'are, a kan hanyar fatake da ta haɗa Borno da Kano, kuma ayarin da ya taso daga Kukawa a nan yakan sauke kaya, raƙuma su sha ruwa, mutane su huta. Malam Zaki, wato Ibrahim Zakiyul Kalbi, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19. Ya ci Ngazargamu, babban birnin Borno, da yaƙi, aka kira shi Sarkin Borno.

A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, wasu baƙi biyu 'yan Sikotlan suka sauka a garin: Hugh Clapperton da likita Walter Oudney. Sarki ya ba su masauki, ya karrama su yadda ake karrama baƙon nesa. Abin da Clapperton ya rubuta shi ne hoto mafi tsufa da muke da shi na garin. Ganuwa biyu ce ta jar ƙasa, tsayinta ƙafa 20, da ramuka a kewaye, da ƙofofi huɗu. Ya ƙiyasta mutanen ciki tsakanin 7,000 da 8,000. A kasuwar Katagum ne kuma ya ga ana ciniki da wuri, alhali a Borno da ya baro ƙyallen saƙi ake bayarwa a karɓi kaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda kasuwancin ƙasar Hausa ya fara daga gabas.

Oudney ya iso da ciwon ƙirji mai tsanani, duk da haka ya ƙi a bar shi a baya. Suka tashi, ba su yi nisa ba suka yada zango a Murmur. Da asubar 12 ga Janairu ya sha kofi, ya ce a ɗaura wa raƙuma kaya. An fito da shi daga tanti za a ɗora shi kan raƙumi, sai jiki ya ƙi, aka mayar da shi ciki, nan rai ya yi halinsa. Mai garin ya ba da wurin kabari gindin wata tsohuwar bishiyar ƙaya. Aka yi masa likkafani da rawunan da suka ɗauko don kyauta, aka zagaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, aka yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Mutumin ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, amma mutanen Murmur ba su hana shi ƙasa ba, kuma wannan karamci ya cancanci a koya wa yaranmu shi a makaranta.

Bayan shekara biyu rundunar Borno ta matsa wa garin Katagum har aka fice daga cikinsa, sai da taimakon Yakubun Bauchi aka kore ta. Turawa suka zo a 1903. A 1916 aka mayar da fadar sarki Azare, a 1926 kuma aka haɗa ƙasar da lardin Bauchi. Daga nan titin mota na Kano zuwa Maiduguri ya bi ta Azare, kasuwa da asibiti da makarantu suka bi shi.

Yau idan aka ce yawon buɗe ido a jihar Bauchi, hankali Yankari yake tafiya, da ɗakunan kwanan Wikki da ruwan ɗuminta. Ban ga laifin haka ba. Sai dai tsohuwar Katagum, wadda yanzu ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki, tana buƙatar a auna sawun ganuwarta, a kafa allon tarihi a Murmur, a kuma naɗi bayanin dattawan da suka gaji labarin daga kakanninsu tun suna da rai.