Shirun alƙalami: waiwaye a kan marubutan gasar 1933

A wani zama na ƙungiyarmu ta marubuta a nan Matameye, wani matashin malamin lakwal ya kawo mini kukansa. Ya ce shekara biyu ke nan bai cika ko shafi guda ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ko littafin wani ba ya marmarin buɗewa. Ban ce da shi ga magani ba, domin ni ma wannan ciwo ya taɓa kwantar da ni. Sai na ɗauko masa labarin marubutan da littattafansu suka riƙa shigo mana daga Najeriya ta hanyar Daura da Ɗan Barto, tun muna yara.

A shekarar 1933 Rupert East, wanda ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar ƙaga labari da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Mukan jera waɗannan sunaye a allo, amma ba kasafai mukan gaya wa ɗalibai abin da ya biyo baya ba. Ɓalewa siyasa ta ɗauke shi, ya zama firaminista, aka kashe shi a Janairun 1966 yana da ƙagaggen labari ɗaya tal. Bello Kagara ya ci gaba da koyarwa da alƙalanci. Imam kaɗai ya sake fitowa da wani babban aiki na hikaya.

Yadda aka yi wannan aiki ya cancanci a tsaya a kansa. A 1936 East ya aro Imam daga makarantar Midil ta Katsina, ya kawo shi Zariya. Kafin a nemi ya rubuta komai, sai da aka tara masa littattafai: hikayoyin Larabawa, tatsuniyoyin Turai, labaran Indiya. Ya karanta, ya tauna, ya zuba su a tukunyar Hausa, East kuwa yana duba abin da ya rubuta suna muhawara a kai. Cikin ƴan watanni aka sami Magana Jari Ce, juzu'i uku. Wato saurayi ɗan shekara 25 ya haɗu da abinci na karantawa, da lokacin da babu aji a kansa, da mutum guda mai jiran shafinsa. Wane malami ne a cikinmu ya taɓa samun ko biyu daga ciki a lokaci ɗaya?

Daga Janairun 1939 Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kuwa shekara goma sha biyu a kan wannan kujera. Ya ci gaba da rubutu, har da Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, da littattafan tarihi da addini. Amma har ya rasu a 1981 bai sake yin irin Magana Jari Ce ba. Ni ban yarda cewa rijiyar ce ta ƙafe ba. A ganina jarida tana da masu jiranta suna aiko da wasiƙu, littafin hikaya kuwa ɗan makaranta ne kawai ke riƙe da shi, shi ma don an ce ya riƙe.

Haka aka yi ta ɗigo jefi-jefi, irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi da Tauraruwa Mai Wutsiya, har kamfanin NNPC ya sake sa gasa a 1978, wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Ruwan bai ɓalle ba sai a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da matasan Kano suka daina jiran hukuma, suka buga da kuɗinsu: Balaraba Ramat Yakubu, Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran ƴan ƙungiyar Raina Kama. Masana suka raɗa masa sunan adabin kasuwar Kano, wasu da gatse. Masu karatu dai, musamman mata, ba su jira hukuncin masana ba.

A wajenmu, inda lakwal ta Faransanci ce, kuma Hausa ba ta shiga aji ba sai da makarantar gwaji ta Damagaram a 1973, waɗannan ƴan littattafai sun yi aikin da manhaja ba ta yi ba. Na ga ɗalibar da ta kasa gama littafin Faransanci guda a shekara ta cinye juzu'i uku a ƙarƙashin tebur. Na sha ƙwace su a aji da fuska ɗaure. Sai dai in faɗi gaskiya, a shekarar da nawa alƙalamin ya yi shiru, ɗaya daga cikin waɗanda na ƙwace ne na buɗe da dare, ban ajiye ba sai da aka kira assalatu.

Shi kuwa matashin malamin, na ara masa tsohon Magana Jari Ce nawa, muka yi alkawari kowace Alhamis bayan la'asar zai kawo mini shafi ɗaya, ko mai kyau ko maras kyau. Alhamis ta farko ya zo hannu rabbana, amma ya tambaye ni ko ina da juzu'i na biyu.