Aljeriya: Yadda Rundunar Kan Iyaka Ta Gaji Yaƙin 'Yanci

Sanarwar da ƙungiyar FLN ta rarraba ranar 1 ga Nuwamba 1954, ranar da mayaƙanta suka buɗe wuta a sassa daban-daban na Aljeriya, ta ɗauki alkawari biyu. Na farko, a kori Faransa a maido da ƙasa mai cin gashin kanta. Na biyu, ƙasar ta tsaya kan dimokuraɗiyya da adalci a tsakanin jama'a bisa ginshiƙan Musulunci, a kuma kiyaye haƙƙin kowa ba tare da duba asalinsa ko addininsa ba. Na farkon ya cika a watan Yuli 1962. Na biyun har yau cigiyarsa ake yi. An saba cewa shugabannin Afirka sun ci amanar jama'a ne bayan da suka ɗanɗana mulki, amma wannan bayani bai dace da Aljeriya ba. A tsakiyar yaƙi alkawarin ya salwanta, tun Faransa ba ta tattara komatsanta ba.

Ba da son rai aka kai ga bindiga ba. Faransa ta ci Aljiyas a 1830, a 1848 kuma ta ce Aljeriya wani yanki ne na Faransa kanta. Duk da haka, dokar 1865 ta gindaya wa Musulmi sharaɗin barin hukuncin shari'a a aure da gado kafin ya zama cikakken ɗan ƙasa, kuma ƙalilan ne suka yarda. A watan Mayu 1945 an karkashe dubban Musulmi a Setif da Gelma. Majalisar da aka kafa a 1947 ta raba kujeru 60-60 tsakanin rukunin da Turawa kusan miliyan ɗaya suka mamaye da na Musulmi wajen miliyan takwas, sannan gwamna Naegelen ya tafka maguɗi a zaɓen 1948. Ferhat Abbas, mai sayar da magani a Setif, wanda ya shafe shekaru yana roƙon daidaito ta hanyar lalama, shi ma a 1956 ya koma FLN.

A watan Agustan wannan shekara shugabannin da ke cikin ƙasa suka yi taro a ɓoye a kwarin Summam, cikin duwatsun Kabiliya. Abane Ramdane ne ƙashin bayan taron, kuma ya sa aka amince da ƙa'idoji biyu: ɗan siyasa na gaba da soja, na cikin gida kuma na gaba da na waje. Ya hango abin da yawancin masu juyin juya hali ba sa son gani, wato wanda aka bar wa bindiga da ikon yanke hukunci a lokacin yaƙi ba zai ajiye su ba don kawai an sa hannu a takarda. Ƙa'idojin shekara ɗaya suka yi. A 1957 sojojin laima na Janar Massu suka murƙushe FLN a Aljiyas ta hanyar azabtarwa, suka kashe Larbi Ben M'hidi a tsare, sauran shugabanni suka tsere Tunis. A taron Alƙahira na Agustan 1957 kanar-kanar suka soke ƙa'idojin Summam. A Disamba aka yaudari Abane zuwa Maroko, abokan gwagwarmayarsa suka shaƙe shi, daga baya jaridar ƙungiyar, El Moudjahid, ta ce ya faɗi a fagen fama.

Abin da ya rage Faransa ce ta ƙarasa shi ba da niyya ba. Ta shimfiɗa shingen waya mai lantarki da nakiyoyi a iyakar Tunisiya da ta Maroko, ta kwashe ƙauyawa kusan miliyan biyu zuwa sansanoni, sannan farmakin Janar Challe na 1959 da 1960 ya ragargaza mayaƙan cikin gida. Rundunar da ke bayan shinge kuwa, wadda Kanar Houari Boumediene ya haɗe a hannunsa daga 1960, tana nan lafiya, tana samun horo da manyan makamai. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Evian ranar 18 ga Maris 1962, waɗanda suka fi shan wuya sun gaji tilis, waɗanda suka fi ƙarfi kuma ba su ne suka fi zub da jini ba. Boumediene ya jingina da farin jinin Ahmed Ben Bella, ya bijire wa gwamnatin wucin gadi ta FLN, ya kutsa Aljiyas a Satumba bayan ya gwabza da mayaƙan cikin gida, yayin da jama'ar birnin ke fitowa tituna suna cewa shekara bakwai sun isa. Tsarin mulkin 1963 ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, Ferhat Abbas ya ajiye shugabancin majalisa don fushi. Ranar 19 ga Yuni 1965 Boumediene ya kifar da Shugaba Ben Bella, aka tsare shi fiye da shekara goma sha huɗu. An harbe Mohamed Khider, ɗaya daga cikin jagororin FLN, a Madrid a 1967, an kashe Krim Belkacem, wanda ya sa hannu a Evian, a Frankfurt a 1970.

Mai musu zai ce yaƙi da babbar ƙasa irin Faransa ba ya yiwuwa da muhawara, dole a sami baki ɗaya, kuma laifin na wanda ya kashe Ben M'hidi ne. Akwai gaskiya a nan, domin Faransa ce ta toshe hanyar zaɓe, ita ce kuma ta hallaka ko ta ɗaure yawancin 'yan siyasar da za su iya taka wa kanar-kanar birki. Sai dai ba Faransa ce ta shaƙe Abane ba, ba ita ce ta yanka mutanen Meluza kusan 300 a 1957 saboda suna bin Messali Hadj, abokin hamayyar FLN, ba, kuma ba ita ce ta kashe dubban harki, Musulmin da suka yi mata aikin soja, bayan tsagaita wuta ba, ko da yake ita ta yashe su. Haɗin kai a gaban maƙiyi daban, mayar da duk wani saɓani cin amana daban. Abane ba ya neman a sassauta yaƙi, shi kansa mutum ne mai tsauri ƙwarai. Abin da ya nema shi ne a san wa ke ba wa umarni.

Musu na biyu ya fi nauyi. A 1962 yawancin 'yan Aljeriya ba su iya karatu ba, Turawa kusan duka sun fice cikin 'yan watanni da malamansu da likitocinsu, ƙasar kuma ta yi asarar rayuka masu yawan gaske: gwamnati na cewa miliyan ɗaya da rabi, masana tarihi na Faransa na cewa tsakanin 300,000 da 400,000. A irin wannan hali mulkin soja ya gina makarantu da asibitoci, ya ƙwace mai da iskar gas daga kamfanonin Faransa a Fabrairu 1971, ya kuma buɗe ƙofa ga masu gwagwarmaya na Afirka. Har 'yan Sawaba na Djibo Bakary daga Nijar sun sami horo a can tun zamanin Ben Bella. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma rabin alkawarin adalci ya cika ta nan. Amma an gina shi kan kuɗin mai, ba kan yardar jama'a ba. Da farashin mai ya faɗi a 1986, babu wata kafar da talaka zai kai kuka sai titi, kuma a Oktoba 1988 sojoji suka harbe ɗaruruwan matasa. Aka buɗe fagen jam'iyyu, jam'iyyar Islama ta FIS ta lashe zagayen farko na zaɓe a Disamba 1991, janar-janar suka soke zaɓen a Janairu 1992. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci rayuka fiye da 100,000, Mohamed Boudiaf ma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa FLN, da aka ɗauko daga gudun hijira don ya shugabanci ƙasa, ɗaya daga masu gadinsa ya harbe shi a Annaba a Yuni 1992.

A 2019 miliyoyin mutane suka riƙa fitowa duk Juma'a suna ɗauke da hotunan Abane da Ben M'hidi, suna neman gwamnatin farar hula ba ta soja ba. Shugaba Abdelaziz Bouteflika, wanda tun yana saurayi yake cikin mutanen Boumediene a Ujda ta Maroko, ya sauka ranar 2 ga Afrilu, sa'o'i kaɗan bayan babban hafsan soja Ahmed Gaid Salah ya ce a tsige shi nan take.