Kyawun Hoton Wasan Bidiyo Tsakanin Na'urar Gem da Kwamfuta: Nazari Daga Gidajen Gem na Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta sake duba ra'ayin da ya yaɗu cewa kwamfuta ta fi na'urar gem irin su PlayStation kyawun hoto a kowane hali. Ta auna ra'ayin da yanayin gidajen gem na Daura da garuruwan masarautarta, inda wasan ƙwallon ƙafa ya mamaye kusan kowane allo. An dogara da tarihin fitowar wasannin FIFA da PES daga 2013 zuwa 2022, da alƙaluman ƙarfin na'urori, da lissafin iyakar ganin ido. An gano cewa a shida daga cikin waɗannan shekaru goma, ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙwallo biyu ya zo wa kwamfuta a tsohon zubi, kuma girman talabijin da ƙarancin wuta suna cinye mafi yawan fifikon da ya rage mata.

Gabatarwa

Daga cikin birnin Daura har Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, gidan gem tsarinsa kusan ɗaya ne: shago mai ɗaki guda, benci, talabijin biyu ko uku a jikin bango, na'urar PlayStation a ƙarƙashin kowace, da janareta a bakin ƙofa. Ana biyan kuɗi a kan kowane wasa, mutum biyu suna riƙe da hannun wasa, wasu biyar ko shida suna tsaye a bayansu suna jiran layi suna sharhi. Da buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a Daura, ɗalibai masu kwamfutar tafi-da-gidanka sun ƙaru a garin, tare da su kuma wata magana ta shigo hirar matasa, wai duk mai son hoto na gaskiya ya bar PS ya koma kwamfuta. Maganar tana da nauyi domin tana iya sa mai shago ya zuba jarinsa inda ba zai dawo ba. Abin da maƙalar ke son warwarewa shi ne ko wannan hukunci ya dace da wasannin da ake bugawa a nan, a kan allon da ake da shi, da wutar da ake samu.

Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Aikin kwatanta hoton na'ura da na kwamfuta ya fi shahara a hannun Digital Foundry, wadda Richard Leadbetter ya kafa a Ingila. Hanyarsu tsabtatacciya ce: a ɗauki wasa guda a na'urori daban-daban, a ƙirga ɗigon hoto, a auna yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa, a faɗaɗa wani sashe na allo a duba inuwa da haske. Wannan maƙala ba ta ja da sahihancin awonsu. Jayayyarta da masu ɗauko sakamakon ne su shimfiɗa shi a ko'ina kamar hukunci gama-gari. Irin wannan awo yakan sa kwamfuta mai katin hoto mafi tsada a gefe guda, irin RTX 4090 da Nvidia ta fitar a 2022 kan dala 1,599, ya kwatanta ta da PlayStation 5 da aka fara sayarwa a 2020 kan dala 499. Kati ɗaya tilo ya ninka kuɗin na'urar sau uku, kafin a sayi sauran kayan kwamfutar. Sannan wasannin da ake gwadawa galibi manyan wasannin labari ne da mutum ke bugawa shi kaɗai na sa'o'i masu yawa, a kan allo da ke dab da hancinsa. Duk waɗannan sharuɗɗa uku, wato tsadar kati da nau'in wasa da kusancin allo, babu wanda ya dace da gidan gem na Daura. Abin da awon ya tabbatar shi ne iyakar abin da kwamfuta za ta iya idan an wadata ta, wannan kuwa tambaya ce daban da abin da ke isa idon mai wasa.

Hanyar Bincike

An bi zubin kwamfuta da na na'ura na FIFA da PES shekara bayan shekara daga 2013 zuwa 2022. An ɗauki alƙaluman ƙarfi da cin wuta na na'urori, sannan an yi lissafi a kan misalin shago mai talabijin inci 32 da benci a tazarar mita biyu.

Sakamako na Farko: Zubin da Aka Bai wa Kwamfuta

Masu cewa kwamfuta ta fi suna ɗauka cewa wasan da ke cikin kwamfuta shi ne wanda ke cikin na'ura, sai dai a ƙara masa kyau gwargwadon ƙarfin kati. A wasannin ƙwallo tarihi ya saɓa wa wannan zato sau da yawa. Lokacin da PlayStation 4 ta fito a Nuwamba 2013, kamfanin EA ya gina FIFA 14 ta sabbin na'urori a kan sabon injin manhaja mai suna Ignite, wanda ya sauya motsin 'yan wasa da kamannin 'yan kallo a fili. Kwamfuta ba ta samu wannan ba. An ba ta zubin PlayStation 3, na'urar da ta fito tun 2006, kuma hujjar kamfanin ita ce yawancin kwamfutocin masu sayen wasan ba za su ɗauki sabon injin ba. Sai a FIFA 15 aka daidaita su. A daidai lokacin da EA ya gyara, Konami ya shiga sahu: PES 2015 da PES 2016 da PES 2017 duk sun zo wa kwamfuta da hoto mai ƙasa da na PlayStation 4, mai kusa da na tsofaffin na'urori wajen haske da ciyawa da fuskokin 'yan wasa. PES 2018, wadda ta fito a 2017, ita ce ta fara kawo daidaito. Da PlayStation 5 ta zo a 2020 sai labarin ya maimaita kansa. FIFA 21 ta kwamfuta zubin PlayStation 4 ce, haka ma FIFA 22, wadda fasaharta ta HyperMotion, da aka gina daga ɗaukar motsin 'yan ƙwallo 22 suna buga cikakken wasa, ta tsaya ga sabbin na'urori ba ta leƙa kwamfuta ba sai a FIFA 23 ta 2022.

Idan aka jera shekarun, 2013 da 2014 da 2015 da 2016 da 2020 da 2021, za a ga shida ne cikin goma. A kowace ɗaya daga cikinsu, wanda ya mallaki kwamfuta mafi ƙarfi a duniya yana kallon tsohon zubin ɗaya daga cikin wasannin biyu, alhali mai na'urar zamanin yana kallon sabo. Ƙarfin kati na iya ƙara yawan ɗigo ya goge kaifin gefen layi, amma ba ya ƙirƙiro abin da ba a zuba a cikin wasan ba. Idan an zana fuskar ɗan wasa da ƙaramin bayani, ƙara ɗigo bayyana ƙarancin kawai yake yi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dalilin bai wa kwamfuta tsohon zubi kuwa na kasuwa ne. Na'ura iri ɗaya ce a hannun miliyoyin mutane, mai gina wasa ya san ƙwaƙwalwarta da katinta daki-daki, yana iya matse duk abin da ke cikinta. Kwamfuta kuwa dubban iri ce, kuma masu sayen wasan ƙwallo a cikinta da yawa masu matsakaiciyar na'ura ne, don haka kamfani yakan auna da na ƙasa domin kada ya rasa masu saye.

Wannan tarihi ya fi shafar Daura fiye da London ko Tokyo, domin kasuwar nan tana tafiya ne a bayan kasuwar duniya da shekaru. Na'urorin da ke isowa ta Kano, daga Alaba a Legas ko ta hanyar Kwatano, yawanci na hannu ne, kuma PlayStation 3 da 4 su ne suka fi yawa a shaguna. Wasannin da aka saba da su ma na waɗancan shekarun ne, musamman tun da Konami ya sauya PES zuwa eFootball a 2021, ya mai da shi wasan da ya fi dogara da intanet, abin da ya sa masu shaguna da dama suka tsaya a tsofaffin zubi suna sabunta sunayen 'yan wasa da riguna. Ma'ana, shekarun da kwamfuta ta kasance a baya su ne shekarun da gidan gem na nan yake rayuwa a cikinsu har yanzu. Ɗalibin da ya sa PES 2017 a kwamfutarsa yana ganin ya wuce mai PS4, a haƙiƙa zubin da ya fi ƙasa yake bugawa. Kuma kwamfutar tasa galibi ta aikin ofis ce, irin HP EliteBook ko Dell Latitude, mai katin Intel da ke haɗe da ƙwaƙwalwa. Irin wannan kati, kamar UHD 620, ƙarfin lissafinsa bai kai rabin tiraflof ɗaya ba, alhali na PlayStation 4 ya kai 1.84, na PlayStation 5 kuma 10.28.

Sakamako na Biyu: Allo da Wuta

Ko da zubi ya daidaita, akwai iyakar ido. Ma'aunin da likitocin ido ke bi tun zamanin Herman Snellen a 1862 ya nuna cewa lafiyayyen ido yana rarrabe abu ne idan faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Talabijin inci 32 faɗinta kusan santimita 71 ne. Idan hoton 720p ne, mai ɗigo 1,280 a faɗi, ido yana daina rarrabe ɗigo daga tazarar mita 1.9. A 1080p iyakar mita 1.3 ce, a 4K kuwa santimita 63. Mai zaune a benci a mita biyu ya riga ya wuce iyakar 720p, don haka ɗigo miliyan 8.3 na 4K da ɗigo dubu 922 na 720p kusan abu ɗaya suke a idonsa. Ƙari a kan haka, yawancin talabijin masu araha na wannan girma ɗigonsu 1,366 ne a faɗi, kuma ba sa nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa, adadin da wasannin ƙwallo a na'ura suka daɗe suna kaiwa.

Batun wuta kuwa kowane mai shago ya fi marubuci saninsa. Wutar KEDCO ba ta tsayawa yini guda, kuma tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Ƙaramin janareta da aka fi amfani da shi yana ba da kimanin wat 650. Siririyar PlayStation 4 tana cin ƙasa da wat 100, talabijin kimanin 50, wato janareta ɗaya na iya ɗaukar allo huɗu. Katin RTX 4090 shi kaɗai wat 450 yake ci. Matsakaicin RTX 3060 yana cin 170, kwamfutar gaba ɗaya ta kusa 300. Mai shagon da ya zaɓi kwamfuta ya rage yawan kujerun da ke kawo masa kuɗi da rabi ko fiye, ga ƙurar hunturu da zafin bazara da ke haura digiri 40, waɗanda ke sa kati ya rage gudu domin kada ya ƙone.

Amsa ga Masu Ja

Za a ce tun FIFA 23 an daidaita, don haka hujjar farko ta tsufa. Gaskiya ne an daidaita, amma da sharaɗi: sabon zubin ya ɗaga ƙarfin da ake buƙata har kwamfutar ofis ta fita daga lissafi gaba ɗaya, kuma bayan sakin naira a Yuni 2023, dalar da ke kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, abin da ya nisanta katin hoto daga aljihun ɗalibi. Za a kuma ce kwamfuta ta fi karɓar gyare-gyaren masu sha'awa, waɗanda ke sauya fuska da fili da haske. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangarensu, kuma maƙalar ta amince da ita. Sai dai kasancewar ana buƙatar gyaran tun farko shaida ce cewa abin da kamfani ya bayar bai kai ba, kuma gyare-gyaren masu nauyi su ma kati mai ƙarfi suke nema.

Iyakokin Bincike

Dole a ambata cewa lissafin allo a kan misali ɗaya aka yi shi, kuma mai talabijin inci 55 da benci a kusa zai ga bambancin 1080p sarai. Ma'aunin Snellen na matsakaicin ido ne, wasu matasa sun fi shi kaifin gani. Wasannin faɗa da na tsere ba su shiga nazarin ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa tarihin zubi, wanda shi ne ƙashin bayan hujjar.

Kammalawa

Kwamfuta mai tsada tana iya fitar da hoton da babu na'urar da ta kai shi, amma wannan bai zama dalilin da zai sa mai gidan gem a ƙasar Daura ya sauya kayansa ba. Ga wasan ƙwallo, a talabijin inci 32, da wutar janareta, na'ura ce ke ba da hoto mafi kyau a kan kowace naira da kowane wat. Wanda ke da kuɗin ƙarawa zai fi ganin amfaninsu idan ya sayi talabijin babba mai cikakken 1080p, ya haɗa ta da wayar HDMI a maimakon tsohuwar waya mai kai uku, ya kuma matso da benci. Bincike na gaba ya kamata ya koma kan wayar hannu, domin eFootball da sauran wasannin waya suna janye matasa daga benci, kuma lissafin tazara da ɗigo a allon inci shida daban yake da duk abin da aka tattauna a nan.