Haruffa huɗu da aka raina

A shekara ta 1869, a birnin Tubingen na ƙasar Jamus, wani matashin likita ɗan ƙasar Suwis, Friedrich Miescher, ya riƙa tattara tsummokin ɗaurin rauni daga asibiti. Daga mugunyar da ke jikinsu ya ware wani sinadari mai yawan fosfor, wanda a yau ake kira ADN.

Sannu a hankali aka gano tubalansa: sukari, fosfat, da sinadarai huɗu, wato adenin, timin, guwanin da sitozin. Sai dai Phoebus Levene, wanda ya yi aiki mai yawa a kansu, ya ɗauka cewa huɗun nan maimaita kansu kawai suke yi, ba canji. Wannan zato ya yi ɓarna. Masana suka ga abu mai sauƙi haka ba zai iya ɗaukar gadon halitta ba, suka miƙa sarautar ga furotin mai tubala 20.

A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna cewa ADN ne ke sauya halin ƙwayar cutar namoniya, amma da yawa ba su gamsu ba. A 1950 Erwin Chargaff ya lura cewa adenin na daidai da timin, guwanin da sitozin, alhali rabonsu ya bambanta daga halitta zuwa halitta.

Hoton da Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka ɗauka a Landan a 1952 ya nuna siffar murɗaɗɗiyar igiya. A 1953 Watson da Crick suka bayyana igiya biyu masu riƙe da juna, kowane harafi da abokinsa. Franklin ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a ba da kyautar Nobel kan wannan aiki.