Ladi Kwali: maginiyar tukwanen da ke bayan takardar naira 20

Duk mai zuwa cin kasuwar Maigatari ko Kano ya taɓa riƙe takardar naira 20. A gaba hoton Murtala Muhammad ne. To, ku juya bayanta: matar nan da ta duƙa kan tukunya tana gini, ita ce Ladi Kwali.

An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali, ƙasar Gwari, yankin da ke cikin babban birnin Najeriya a yau. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane wajen wata ƴar'uwar iyayenta, da hannu zalla, irin yadda masu sauraro suka san aikin a Mirya: a murza yumɓu, a ɗora, a shafe, har randa ta tashi. Abin da ya fid da ita daban shi ne zane. Tun yumɓu na ɗanye take tsaga masa ƙadangare, kunama, kada, kifi, hawainiya da tsuntsaye, kowanne cikin nasa fili, da layuka a tsakani. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fada, kuma a can wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su.

Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi gini da na'ura mai juyawa, tana yin kwanoni da butoci, amma manyan randunanta ba ta yarda ta bar ginin hannu ba.

Sai dai akwai abin dubawa a nan. Randarmu ta gida tana tsatsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi ko da bazara. Randunan da Ladi ta yi a makarantar kuwa, ana shafa musu sinadarin ƙyalli a gasa su da wuta mai tsananin zafi, sai su fito da nauyi, ba sa tsatsafo. Kyau dai sun yi kyau, amma sun tashi daga kayan aikin gida sun koma kayan ado na masu kuɗi. Suna ya tafi duniya, randar kuma ta bar gindin bishiya.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958, 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Makarantar Suleja na ɗauke da sunanta, haka ma wani babban titi a Abuja.