Maganin riga-kafin maleriya ga masu ciki: me yake yi wa garkuwar jiki?

Iyayenmu da 'yan'uwanmu na zango, akwai tambayar da muke yawan ji a gidaje: wannan ƙwaya uku da nas ke bai wa mai ciki a wurin awo, ba ta raunana jiki? Ga bayanin da muka haɗa.

Mene ne maganin?

Sunansa SP, wasu sun fi saninsa da Fansidar. Ana ba mai ciki ko da ba ta jin zazzaɓi, domin ƙwayar maleriya kan ɓoye a mabiyiya ba tare da wata alama ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba da shi bayan wata ukun farko, a bar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, kuma a sha sau uku ko fiye kafin haihuwa. A Ghana ana farawa daga mako 16, ko lokacin da ɗa ya fara motsi. A gaban ma'aikaciya ake haɗiye shi.

Me ya sa cikin fari ya fi haɗari?

Mu da muka tashi inda sauro ya yi yawa, jikinmu ya saba da maleriya tun muna yara. Amma in ciki ya shiga, ƙwayar cutar tana sa jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga su manne a mabiyiya. Jikin mai cikin fari bai taɓa gamuwa da wannan salon ba, don haka ba shi da sojojin da za su tare shi. Sai an yi ciki ɗaya, biyu, uku ne garkuwar ke taruwa. Kafin nan kuwa ana iya samun ƙarancin jini, ɓari, haihuwar bakwaini, ko jariri mai nauyin ƙasa da kilo 2.5.

To, ina batun garkuwa?

Bincike ya nuna cewa wasu mata da suka sha SP ba su tara sojojin jiki masu yaƙi da maleriyar mabiyiya da yawa ba. Dalili a fili yake: maganin ya kashe cutar kafin jiki ya daɗe yana fama da ita. Garkuwar jiki gaba ɗaya tana nan yadda take. Waccan garkuwar da ake samu ta hanyar kamuwa, da jinin uwa da nauyin jariri ake biyan kuɗinta. Mabiyiyar da maleriya ta kama ma takan rage kāriyar da uwa ke miƙa wa ɗanta. Shi ya sa kowane ciki ake sake sha, ko na nawa ne.

Wa bai kamata ta sha ba?

Mai cikin da bai wuce wata uku ba, wadda magungunan salfa ke ɓata wa jiki, wadda ke shan Septrin kullum, da wadda gwajin G6PD ya nuna tana da matsala. Wadda zazzaɓi ya riga ya kama kuwa, gwaji da maganin warkarwa take bukata.

Kira gare mu

Awon ciki kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa tun 2008. Magidanta, mu raka matanmu asibiti da wuri. Surukai da kakanni, a daina jinkirta awo don ɓoye ciki. A kwana cikin gidan sauro kowane dare. Allah ya sauke su lafiya.