Standard Athletic Club ta Birnin Faris: Tarihin Ƙungiyar Baƙin da Ta Fara Zama Zakarar Ƙwallon Ƙafa a Faransa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi diddigin yadda wasan ƙwallon ƙafa ya bazu a duniya a ƙarshen ƙarni na 19, zai tarar da labari kusan iri guda a ko'ina. Wasu Turawan Ingila ne, fatake ko injiniyoyi ko akawuna, neman abinci ya kai su wata ƙasa, kewar gida ta dame su, sai suka kafa ƙungiya domin su riƙa haɗuwa a ƙarshen mako. Daga nan hanya takan rabu biyu. Wasu ƙungiyoyin sukan buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa har su rikiɗe su zama na gari, wasu kuma sukan mutu da zarar waɗanda suka kafa su sun koma gida. Wannan maƙala za ta duba wata ƙungiya da ba ta bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, wato Standard Athletic Club ta birnin Faris, wadda ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta farko a Faransa, sa'an nan ta ja jiki gefe ta ci gaba da zama ƙungiyar masu wasa don sha'awa, waɗanda jaridunmu kan kira 'yan dagaji.

2.0 Kafuwarta

An kafa Standard a farkon shekarun 1890, jim kaɗan bayan babban bikin baje kolin duniya na 1889, wanda dominsa aka gina hasumiyar Eiffel. A wannan zamani Faris na ɗauke da jama'ar Birtaniya masu yawa: ma'aikatan kamfanoni da kantuna, teloli, masu aikin injuna, ga kuma masu horar da dawakin sukuwa da suka yi kaka-gida a Chantilly. Daga cikin irin waɗannan mutane ƙungiyar ta samo 'ya'yanta. Ya kamata a lura da sunan da suka zaɓa. Babu kalmar ƙwallo a cikinsa, domin abin da suka sa a gaba shi ne wasannin motsa jiki baki ɗaya, da kuma wurin da mutum zai yi hira da harshensa ba tare da ya lanƙwasa baki ba. Kurket da ƙwallon ƙafa duk a inuwa ɗaya suka tashi.

Ba ita kaɗai ba ce a fagen. A 1891 wasu 'yan Birtaniyan suka kafa White Rovers, wadda ta zama babbar abokiyar hamayyarta. Akwai kuma Club Français, wadda wasu samarin Faransa da suka koyo wasan a makarantun Ingila suka kafa, suka kuma ba ta sunan da ke shaida cewa ta 'yan ƙasa ce.

Hukumar da ke kula da wasanni a lokacin, wadda aka sani da USFSA, ba ta yi marhabin da ƙwallon ƙafa da farko ba. Shugabanninta, ciki har da Pierre de Coubertin, mutumin da ya farfaɗo da wasannin Olamfik, sun ɗauki wasa don kuɗi a matsayin abin kunya, ga shi kuma tun 1885 Ingila ta halatta biyan 'yan ƙwallo albashi. Saboda haka sai suka fi karkata ga ƙwallon zari-ruga, wanda aka fara gasarsa a 1892, Coubertin da kansa ya yi alƙalancin wasan ƙarshe. Sai a 1894 hukumar ta sakko ta shirya wa ƙwallon ƙafa tasa gasar.

3.0 Shekarun Ɗaukaka

Ƙungiyoyi 6 ne kacal suka shiga gasar 1894, dukkansu daga Faris da kewayenta, aka kuma yi ta bisa tsarin sili-ɗaya-ƙwale. Standard da White Rovers ne suka kai wasan ƙarshe. Suka tashi 2 da 2, aka sake karawa, Standard ta yi nasara da ci 2 da nema. Ke nan wasan da ya fitar da zakaran Faransa na farko, baƙi ne suka buga shi a tsakaninsu, kusan duk maganar da aka yi a cikin fili kuwa da Ingilishi aka yi ta. Kofin da aka riƙa fafatawa a kansa daga 1895 ma kyautar wani baƙon ce, James Gordon Bennett, Ba'amurke mai jaridar New York Herald.

Standard ta sake cin gasar a 1895 da 1897 da 1898, sai kuma a 1901 da ta doke Le Havre, wata ƙungiyar da ita ma Ingilishi suka kafa a bakin teku. Sau 5 ke nan cikin shekara 8. Gaskiya ne gasar ƙarama ce, kuma kafin 1899 ba ta wuce yankin Faris ba, don haka kiran wanda ya ci ta zakaran ƙasa yana da ɗan zuzutawa a ciki. Duk da haka sunan ƙungiyar ya ƙetare iyaka. A 1898 wasu ɗaliban wata kwaleji a birnin Liège na Beljiyam suka kafa tasu ƙungiyar, suka aro mata sunan Standard saboda farin jinin ta Faris. Standard ta Liège ta ci gasar Beljiyam sau 10, kuma a yau in aka ambaci sunan a Turai ita ake nufi. Takwara ta shafe mai suna.

Wani abin mamaki ya faru a watan Agusta na 1900, lokacin da Faris ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. An buga wasan kurket na kwana 2 a filin tseren kekuna na Vincennes, tsakanin wata ƙungiya daga yankin Devon da Somerset na Ingila da wata tawaga da aka ce ta Faransa ce, mutum 12 a kowane ɓangare. Mafi yawan waɗannan "Faransawa" Ingilishi ne mazauna Faris, da dama daga cikinsu 'yan Standard. An lallasa su da ratar maki 158. Sai a 1912 aka tabbatar da wasan a matsayin na Olamfik, don haka littattafan tarihi suka rubuta wa Faransa lambar azurfa a wasan da 'ya'yanta ba su damu da shi ba. Wannan shi ne wasan kurket ɗaya tilo da aka taɓa bugawa a Olamfik, ko da yake a 2023 an yanke shawarar maido da shi a wasannin Los Angeles na 2028.

4.0 Inda Hanya Ta Rabu

Daga 1902, shekarar da Roubaix ta arewacin ƙasar ta ci gasar, Standard ba ta ƙara zama zakara ba. Dalilin a fili yake. Wasan ya riga ya shiga hannun 'yan ƙasa, ya isa garuruwan masaƙu da ma'adinai inda matasa ke da yawa, alhali Standard na ɗibar 'yan wasanta daga ƙaramar rijiya. A 1904 aka kafa hukumar FIFA a ofishin USFSA da ke Faris, a ƙarƙashin Bafaranshe Robert Guérin, ba tare da Ingila ba. A 1919 aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Faransa, Jules Rimet na shugabancinta, a 1932 kuma aka fara gasar ƙwararru masu karɓar albashi. Standard ba ta shiga wannan sahu ba.

Domin a fahimci abin da ta bari, yana da kyau a kwatanta ta da Genoa ta Italiya. Ita ma Ingilishi ne suka kafa ta a 1893, don kansu kawai. Amma a 1897 wani likita mai suna James Richardson Spensley ya shawo kan 'yan'uwansa aka fara karɓar Italiyawa. Shekara guda bayan haka Genoa ta ci gasar Italiya ta farko, ta kuma ci gaba har ta tara 9. Abin da ya rage na Ingilishi a jikinta shi ne suna, wanda gwamnatin Mussolini ta tilasta aka mayar Genova a 1928, aka dawo da shi bayan yaƙi. Akwai kuma kalmar mister da 'yan wasan Italiya ke kiran mai horarwa da ita har yau, wadda ake dangantawa da William Garbutt, Baturen Ingila da ya kama aikin horar da Genoa a 1912. A Genoa, harshen baƙi ya bar 'yan kalmomi ya tafi, jama'ar gari suka gaji ƙungiyar. A Standard kuwa harshen ne ya zauna, jama'ar gari suka wuce.

Sai dai bai kamata a yi saurin yanke hukunci a ce Standard ta yi asara ba. White Rovers ta watse tun kafin ƙarni na 19 ya cika. Club Français, wadda ta ci gasar 1896 da kofin Faransa na 1931, ta rungumi tsarin albashi a 1932, nauyin ya fi ƙarfinta, ta rushe a 1935. A ra'ayin mai wannan rubutu, abin da ya hana Standard girma shi ne ya hana ta mutuwa: ba da kuɗin 'yan kallo take rayuwa ba, da kuɗin 'ya'yanta take, su kuwa ba kofi ya tara su ba balle rashinsa ya raba su.

5.0 Zaman Meudon

A 1922 ƙungiyar ta samu matsuguni na dindindin a cikin dajin Meudon, kudu maso yammacin Faris. Yaƙin duniya na biyu ya kusa gamawa da ita. Bayan faɗuwar Faris a 1940 Jamusawa sun tsare 'yan Birtaniya maza da suka rage a birnin, da yawa a wani bariki da ke Saint-Denis, sojojinsu kuma suka mamaye filin ƙungiyar, kafin yaƙin ya ƙare ginin ya zama kufai. Waɗanda suka tsira ne suka sake tayar da shi. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je wurin a ziyarar da ta kai Faransa a 1957, ta kuma koma a 1972, abin da ke nuna cewa a idon Birtaniya wurin ya fi kama da gidan jama'arta da ke ƙetare fiye da ƙungiyar ƙwallo.

Har yanzu Standard tana nan a Meudon. An daina tambayar mutum ƙasarsa, 'ya'yanta sun fito daga ƙasashe da dama har da Faransa, amma Ingilishi ne harshen hira. Ana buga kurket da tanis, manya kuma na buga ƙwallon ƙafa a ƙarshen mako ba tare da an biya kowa ko sisi ba, a ƙarƙashin sunan da ke kan layin farko na jerin zakarun Faransa.